Bangon Kwanar Kalambaina

Idan ana maganar iya sauraro, a miƙa wa kamfanin da ya ƙirƙiro wasan Ƙure Maleji kambunsa kawai a huta. Mutanen nan kunne gare su kamar na zomo. Ka kai kuka da safe, su ce sun ji. Ka sake kaiwa da la'asar, su ce sun ji, har su yi maka godiya. Gyaran ne dai da alama ba ya cikin abin da aka ɗauke su aiki su yi.

Ƙure Maleji wasan tseren kabu-kabu ne da ake yi a waya, mutum yana Sakkwato ya kara da na Kano da na Jos bai tashi daga kan tabarmarsa ba. Kowane gari an zana masa titinsa. Na Sakkwato ya taso daga Minanata ya miƙe zuwa Kalambaina, an jera masa itatuwan dogon yaro a gefe, da tirelolin siminti, har da wata akuya da ba ta taɓa gama tsallake titi ba. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai a kwanar ƙarshe, inda ido yake ganin kwalta shimfiɗe lafiya lau, akwai bango. Ba a ganinsa. Ka taho a guje, sai ka ji gwaram, babur ya yi gabas kai ka yi yamma. Wani ma'aikacinsu ne a Abuja ya manta da shi a wurin tun ranar da aka buɗe wasan, yadda magini ke manta cokalin gini a kan katanga. Sakkwatawa suka raɗa masa suna bangon aljanu.

Maccido, mai sayar da shadda a rumfar gidansu ta babbar kasuwa, shi ne limamin masu ƙorafi a kan bangon nan. Duk lokacin da ciniki ya lafa, sai ya jingina da turamen shadda ya rubuta wa kamfani. Ya yi lallashi, ya yi gatse, ya yi barazana, har ya taɓa tambayarsu ko a turo musu lebura daga Kalambaina da guduma. Amsa ɗaya ce, kuma ya haddace ta tsaf.

“Mun ji kukanku, ya ku ’yan tsere masu daraja. Tawagarmu tana aiki ba dare ba rana. Ku ci gaba da kasancewa tare da mu. Naku, Faruk.”

Babu wanda ya taɓa ganin Faruk. Sodangi, abokin Maccido mai rumfar cajin waya a Minanata, inda ’yan wasan unguwar ke taruwa, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa Faruk ba mutum ba ne, inji ne aka sa wa sunan Musulmi don a ji kunyar zaginsa.

To amma akwai abin da ya ɗaure Maccido a titin nan wanda ya wuce bango. Ƙa'idar wasan ita ce, duk wanda ya fi kowa gudu a wani titi, ana ajiye tafiyarsa. Ka shiga kai kaɗai ka ƙure gudunka, sai ka ga wani babur fari-fari kamar hayaƙi yana tafe tare da kai, yana maimaita duk abin da gwanin ya yi. ’Yan wasa suna kiransa inuwa. Inuwa ɗaya ce a kowane titi. Ranar da wani ya wuce ta, tasa ta maye gurbi, waccan ta tafi har abada.

Inuwar titin Kalambaina ta Aminullahi ce, yayan Maccido. Ɗan kabu-kabu ne na gaske, ba na waya kaɗai ba, kuma shi ne ya gano cewa in ka taka birki daidai gindin dogon yaron ƙarshe, ka kwanta hagu har gwiwa ta kusa shafar ƙasa, akwai wata kafa a jikin bangon da ba ta fi ta allura ba. Kowa ya koya daga gare shi, amma babu wanda ya taɓa bi ta kafar nan da saurinsa. Bara da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Ya bar babur, da hular kwano da ya ƙi sawa yana raye, da inuwar nan.

Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Maccido yakan shiga ɗakin mahaifiyarsu, Inna Tani, ya zauna a gefen tabarmarta ya kunna wasan. Ita ba ta san ana danna komai ba, kuma ba ta nemi sani ba. Takan ajiye ludayin dama fura ta matso da ido.

“Dube shi,” takan ce. “Ko cikin waya ba shi barin garaje. Haka shika shigowa zaure da babur nai, kullum ina cewa wata rana ƙyaure za shi bi shi.”

Zagayen farko Maccido yakan ƙi taka birki da gangan, ya tafi ya rungumi bangon, baburinsa ya wuntsila sama. Nan Inna takan yi dariya har ta riƙe haƙarƙari.

“Kai kau! Ga yayanka ya gwada maka hanya, kaƙ ƙi gani.”

Tun rasuwar Aminullahi, wannan ce kaɗai dariyar da ake ji daga ɗakin nan, kuma Maccido ya san haka. Abin da bai taɓa haɗawa a ransa ba shi ne, bangon da yake zagi a kasuwa da inuwar da yake kai wa Inna a gida, igiya ɗaya ta ɗaure su. Mai wayo ma akwai ranar da yake kwana.

Sodangi ne ya tashe shi. Wata ranar Litinin da yamma suna zaune a rumfar caji, janareto na tari, sai sanarwa ta shigo wayoyinsu gaba ɗaya: babban sabuntawa na nan tafe ranar Juma'a. Me za a sabunta? Faruk bai ga dalilin da zai sa ya ɓata wa mutane mamaki ba. Rumfa ta kaure da sowa, wai ƙarshen bango ya zo, ana ta dukan kafaɗar Maccido ana ce masa barka da aiki.

“Wallahi rad da bangon ga yah hwaɗi,” in ji Sodangi yana dariya, “ko kakata tah hau babur sai ta wuce kowa. Miƙewa kawai za a yi, ba birki ba kwana.”

Kowa ya yi dariya ban da Maccido. Ba birki, ba kwana. Inuwar Aminullahi kuwa ba za ta san an rushe komai ba. Za ta zo daidai dogon yaro ta taka birkinta, ta kwanta hagu, ta lallaɓa ta wata kafa a jikin bangon da babu shi, ɗan koyo na farko da ya miƙe ya wuce ta kamar tana tsaye. Tsoro ya kama shi, tsoro sosai.

Tun kafin magariba ya rubuta wa kamfani. Karon farko a tarihinsa bai yi gatse ba. Tambaya biyu ya yi: shin bangon za a cire ranar Juma'a? In an cire, me zai faru da inuwar da ke titin?

“Mun gode da wannan shawara mai muhimmanci. Mun miƙa ta ga sashen da abin ya shafa. Naku, Faruk.”

Sashen da abin ya shafa! Duk wanda ya taɓa yin Ƙure Maleji ya san sashen nan. Rijiya ce gaba dubu, an yi mata ƙofa da kujeru. Abin da aka jefa ciki ko ƙarar faɗuwarsa ba a ji.

Washegari ya ajiye girman kai ya aika saƙon murya. Ya shiga bayan rumfa inda ake ajiye kwalaye, ya faɗi komai: sunan yayansa, da zazzaɓin, da tsohuwar da ke ajiye ludayi ranar Juma'a. Bai roƙi a bar bangon ba, ya san ba shi da wannan bakin. Roƙonsa kawai a ajiye masa inuwar a wani lungu, ko shi kaɗai ne zai iya gani. Muryarsa ta karye a tsakiya, ya aika haka nan.

Amsa ta zo da wuri, a yaba musu.

“Muna ba da haƙuri kan matsalar da ka fuskanta. Ka gwada kashe wayarka ka sake kunnawa. Domin nuna godiya, mun saka maka kyautar hular kwano. Naku, Faruk.”

Ya duba, ga hula kuwa an ɗora wa ɗan baburinsa, ruwan hoda shar, da kunnuwan mage. Mutum ya ce maka yayansa ya rasu, ka ce ya kashe waya ya kunna. Maccido ya daɗe yana kallon kunnuwan nan, ya rasa ko ashar ya kamata ko istigfari.

Da lallashi ya ƙi ci, sai ya shiga zauren Sakkwatawan Maleji, inda ’yan wasan garin ke tattaunawa a waya, ya rubuta cewa shi a ganinsa bangon nan a bar shi, ai ya zama al'ada. Kamar ya jefa dutse a gidan rina. Wani ya ce kamfani ya saye shi, shaida kuwa ga ta nan a kansa da kunnuwa. Wani ya ce dama masu yawan wa'azi su ne kan gaba wajen zamewa. Wani daga Sabon Gari ya yi masa tambaya cikin ladabi, wai nawa ake sayen limami a kasuwar yanzu.

Sodangi bai rubuta komai ba, ya rufe rumfa ya same shi a kasuwa.

“Maccido, mi yas same ka? Kai da kas sa mu zagin mutanen ga tun hwarko?”

“Aminu na,” in ji Maccido. “In bango yat tahi, shi ma ya tahi.”

Sodangi ya zauna a kan benci, ya ciro waya, ya yi wa zaure bayani da muryarsa. Daga baya saƙonni suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, na Allah ya jiƙan Aminu, na a yafe mana. Mai tambayar kuɗin limami ya goge tambayarsa. Kafin a tashi kasuwa an yi alkawari: ko an rushe bango, duk Basakkwace zai taka birki a dogon yaron ƙarshe, babu mai wuce Aminullahi.

Abin ya sanyaya wa Maccido rai, har ya ji kunyar zagin da ya rama a zuci. Amma Sodangi ba ya iya barin gaskiya ta kwana a cikinsa.

“Mu dai mun yi namu,” ya ce. “Amma Bakano bai san Aminu ba. Na Jos ko gaisuwa ba shi bin mu.”

Ranar Laraba Maccido ya yi dabarar da kowa zai yi: ya ɗauki bidiyon tseren daga farko har ƙarshe, ya kai wa Inna ya ce ta gani, wannan ko ba intanet yana yi. Ta kalla sau ɗaya. Ya maimaita mata, ta kalla rabi ta kau da kai.

“Wanga ai hoto na. An gama shi. Wancan kau tare kuka tahiya, ban san abin da za ka yi ba, shi ma bai sani ba.”

Bai yi mata gardama ba, don ya san abin da take nufi. Ba Aminu kaɗai take kallo ba, ’ya'yanta biyu take kallo a kan titi ɗaya.

Juma'a ta zo. Kamfanin yana da wata ɗabi'a ta sakin sabuntawa daidai lokacin da liman ke kan mumbari, ƙila don a sami ’yan mintoci kafin zagi ya fara. Ana sallamewa, Maccido ko takalmi bai gama sawa ba ya ciro waya. Doguwar sanarwa ce, da furanni. An ƙaro sababbin ƙarar ham guda uku, har da mai kukan zakara. An ƙaro lambobin manna wa tanki. Akuyar titin Sakkwato an sauya mata launi. Can ƙasa, da ƙananan haruffa: da wasu ’yan gyare-gyare.

Ya karanta ya sake karantawa, babu bango a ciki ko da harafi ɗaya. Ya yi ajiyar zuciya har na kusa da shi ya waiwayo. Lallai mai hali ba ya fasa halinsa, ya ce a ransa, Allah ya ƙara wa Faruk lalaci. A zaure kuwa Sakkwatawa kowa ya gwada, kowa ya taka birki a dogon yaro kamar yadda aka yi alkawari, ya bi ta kafa, ya dawo ya ba da rahoto cewa komai na nan yadda yake. Ladabin nasu ne ya hana ko ɗaya ya taɓa bangon ya ji ko yana nan.

Ya shiga ɗakin Inna da fara'arsa. Tana dama fura, ta ajiye ludayi ta matso.

“Mi na na bisa kanka?” ta ce da ta ga hular.

“Kyauta ta, Inna.”

“Wanda yab ba ka ba shi ƙaunarka.”

Suka tashi daga Minanata, shi da inuwa, kafaɗa da kafaɗa. Suka wuce tireloli, suka wuce akuya. Inuwa ta ɗan yi gaba kamar kullum. Dogon yaron ƙarshe ya taho, farin baburin ya taka birki ya kwanta hagu. Maccido ya danne maleji ya miƙe don ya ba Inna dariyarta, har ya ji ta fara jan numfashin yin ta.

Ba gwaram. Kwalta ce kawai, shimfiɗe lafiya lau, yadda ido ya daɗe yana faɗa. Ya wuce ta inda bango yake, ya wuce yayansa da ke can kwance a hagu yana lallaɓawa, ya fito miƙaƙƙen titin da ke kaiwa ga layin ƙarshe. Karon farko tunda ya fara wasan nan babu kowa a gabansa.

Ya ɗage yatsa. Babur ya fara rage gudu. A saman wayar saƙon Sodangi ya faɗo: Bango ya hwaɗi! Wani ɗan Jos ya gano, ya sa a zaurensu, dut sun taso.

“Sun ɗauke shi ko?” in ji Inna. Ba ta yi dariyar ba.

“Awo, Inna.”

“In kat tsaya hwa?”

“Wani za shi wuce shi. Yanzun ga. Ban san shi ba.”

A ɗan madubin baburin yana hango farin nan ya fito daga kwana yana tahowa. In ya jira, Aminu zai wuce shi ya ci tseren, ya ƙara zama gwani na ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa ba.

“To kai tahi,” ta ce. “Ba a barin baƙo shi ɗauki makara ’yan gida na tsaye.”

Ya danna. Bai sake ɗage yatsa ba har ƙarshe.

Waya ta ɓarke da kiɗa, wuta mai launi ta yi ta fashewa, ɗan baburinsa ya ɗaga hannu biyu da kunnuwan mage a ka. Barka da zama sabon gwarzon Kalambaina! Maccido ya ji baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da suka dawo daga maƙabarta.

“Sake mu gani,” in ji Inna.

Ya sake. Farin babur ya fito, ya tafi tare da shi. Da suka zo dogon yaro bai taka birki ba, bai kwanta hagu ba, ya miƙe sambal, can gaba ya ɗan yi jinkiri kamar mai waiwaye, sannan ya ƙarasa. Inna ta kalla har ƙarshe.

“Wanga kai na,” ta ce, ta janye jikinta ta koma mazauninta.

Sai ga wata sanarwa, wannan karon ga duk ’yan wasan ƙasar. Kamfani yana farin cikin shaida wa jama'a cewa an kawar da matsalar kwanar Kalambaina, an manta ne ba a sa a sanarwar farko ba. Tunda aka kafa wasan ba su taɓa kiran ɗan wasa da sunansa ba, sai yau: Godiya ta musamman ga Maccido na Sakkwato, wanda bai gaji da tunatar da mu ba. Naku, Faruk.

“Mi sunka ce?”

“Godiya suka yi min, Inna.”

“To ka ce musu ba komi.” Ta jawo ƙwaryar gabanta. “Juma'a mai zuwa ka bar wayag ga aljihu. Kai dai ka zo.”

Ta ɗauki ludayi ta ci gaba da dama furar da ta riga ta damu tun ɗazu.